Yadda Alhaji Dikko Ya Auna Mai Jifa

A Ras Al Khor, a layin masu sayar da tsofaffin injinan mota, idan ka ce Alhaji Dikko kake nema ba wanda zai tambaye ka wane Dikko. Makanikan Pakistan za su nuna maka shi da sifana ba tare da sun ɗago kai ba. Gajere ne kakkaura, gemunsa ya fara furfura, kuma duk zafin Dubai ba ya rabuwa da hula. Wani kamfanin kago ne ya ɗauke shi aiki, shi ke duba inji kafin a loda a kwantena zuwa Kano. Zai zagaya injin, ya leƙa ƙarƙashi, ya dangwali baƙin mai ya murza a yatsa ya sunsuna. Daga nan sai ya bar mai shago yana ta zuba yabon kayansa, ya zagaya baya ya nemo mutumin da ya kwance injin daga jikin motar. Da shi zai yi maganar gaskiya.

Wannan gadon gida ne. Mahaifinsa dillalin shanu ne a karar Mai'adua, kuma abu ɗaya ya dasa wa 'ya'yansa: kada ka tambayi mai bijimi halin bijiminsa, ka tambayi wanda ke ba shi dusa, in kuwa ka sami wanda bijimin ya taɓa tunkuya, to ka gama bincike.

Dikko bai gaji shanun ba. Soja ya so ya zama. Ya je wurin ɗauka yana saurayi, aka jera su ba riga, wani kofur ya zo da sandar awo ya jingina masa, ya ce ya koma gida ya ƙara cin tuwo. Ya ci tuwon, tsawon bai zo ba. Daga nan ya faɗa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ya fara da tura baro har ya san ƙarfe. A zamanin baron ne aka ba shi auren matarsa, Uwa. Ya zo Dubai a 2008 da niyyar ya ɗan taɓa ya koma, ga shi har yau suna zaune a wani ɗan fulat a Al Buteen, inda in ka buɗe taga kana jin ƙugin kwalekwalen da ke tsallaka mutane.

A farkon 2019 ne aka kawo masa kayan da bai taɓa dubawa ba.

Ƙanensa Musbahu ya rasu ya bar 'ya ɗaya, Muhsinat. Dikko ne ya riƙe ta har ta sami gurbin karatun haɗa magunguna a wata jami'a a jihar Ohayo ta Amurka. Shi ne waliyyinta, mahaifiyarta kuma da ke Katsina ta daɗe da cewa duk maganar yarinyar tana hannun Yaya. Wata ranar Asabar ta kira shi, ta gaishe shi ta sake gaishe shi, ta tambayi zafi, ta tambayi ƙafarsa mai ciwo, har ya gane akwai magana.

"Baffa, akwai wanda yake son ya turo."

"Madalla. Ɗan wane gida ne?"

"Sunansa Nafi'u. Iyayensa mutanen Zangon Kumasi ne, amma shi a nan aka haife shi. Yana da addini, Baffa. Yana ma jin Hausa, irin tasu."

"Irin tasu. To. Mece ce sana'arsa?"

Ta yi ƙasa da murya.

"Kwatabak ne."

"Kwata me?"

"Ƙwallo yake yi wa jami'armu. Ba irin tamu ba, ta Amurkawa. Shi ne mai jifa."

"Mai jifa," in ji Dikko. "Wa yake jifa?"

Ta yi masa bayani a hankali. A ƙarshen Afrilu manyan ƙungiyoyi talatin da biyu za su zauna su yi zaɓe, kowace ta ɗebi 'yan wasa daga jami'o'i, bi da bi, zagaye bakwai. Wanda aka ɗauka ya sami aiki, wataƙila ma ya sami duniya. Wanda aka bari sai ya kama gabansa kamar kowa. Sunan Nafi'u yana cikin waɗanda za a duba.

"Ashe kara ce," in ji Dikko. Ya ce mata zai yi tunani.

Tunanin bai ba shi wahala ba. Ya gaya wa Uwa cewa abin mai sauƙi ne, sai a jira Afrilu a ga ko za a taya yaron. Uwa tana gyaran alayyahu, ba ta ko dube shi ba.

"In an ɗauke shi ka ce ka ba shi, a Katsina za a ce Dikko ya hango dala ya sayar da marainiya. In ba a ɗauke shi ba ka hana, a ce dama dalar yake jira. Ta wace ƙofa za ka fita, Alhaji?"

Ya buɗe baki.

"Ni babana jira ya yi baronka ya zama tirela kafin ya ba ka ni?"

Ya rufe bakin. Ya gane dole ya yanke magana kafin ranar zaɓe, tun ba wanda ya san farashin yaron. Ya kuma san Muhsinat. In ya ce a'a ba za ta tsallake maganarsa ba, za ta haɗiye, abin ya zauna tsakaninsu har abada. In ya ce i, yaron ya fito ba na kirki ba, shi zai amsa tambayar Musbahu ranar da ba dillali.

A gida binciken aure ba abu ne mai wuya ba. Ka tura mutum unguwar yaron ya zauna wurin mai shayi, ya ji ta bakin liman, ya ji ta bakin maƙwabta. To Dikko bai san mai shayi ko ɗaya a Ohayo ba. Wanda ya sani shi ne Inusah, wani dogon ɗan Kumasi da ke aiki a gidan motsa jiki a Al Quoz, inda Amurkawa ke cika. Inusah ya yi shekara da shekaru yana goge na'urori a ƙarƙashin talabijin, har ƙwallon Amurkawan nan ta shige shi. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sukan haɗu a wani ɗan gidan tuwo a Al Buteen, Dikko ya tsokane shi da Hausar Ghana, shi kuma ya rama da wutar lantarkin Najeriya.

Maganar asali ta zo da sauƙi. Inusah ya kira gwaggonsa a Kumasi, kafin miyarsu ta huce ta ce ai kakan yaron ladani ne, duk Zango an san muryarsa. Saura hali da sana'a. Inusah ya jingina waya a jikin gorar ruwa.

"Yalla, Alhaji. Ga surukinka, mai lamba bakwai."

"Ba surukina ba ne tukuna. Kunna."

Abin da Dikko ya fara gani shi ne ƙarti cikin hular kwano da sulke sun tsugunna kai da kai kamar raguna za su yi karo. Wani basamude a tsakiya ya miƙo ƙwallon ta tsakanin ƙafafunsa, ƙwallon ma ba ta yi kama da ƙwallo ba, gwanda ce sak. Mai lamba bakwai ya karɓa. Kowa ya yi gaba, shi kaɗai ya ja da baya.

"Ina za shi?"

"Neman fili yake, ya ga wanda zai jefa wa."

"Waɗannan ƙattin biyar fa?"

"Masu tsaronsa ne. Aikinsu kada a taɓa shi."

"Mutum ɗaya, dogarai biyar. Ɗan sarkin ina ne?"

A faifai na gaba Nafi'u bai sami wanda zai jefa wa ba, sai ya ruga da gwandar a hammata. Dikko ya gyara zama, ya ce yawwa. Wani ƙato ya taho masa gadan-gadan. Saura taku kaɗan su haɗu sai Nafi'u ya zame a ƙasa da kansa, ƙafafu a gaba, kamar wanda santsi ya kwashe. Dikko ya ajiye lomar da ya ɗebo.

Nan ya kamata a faɗi cewa Dikko a gidan dambe ya yi ƙuruciyarsa, a matsayin ɗan kallo. A dambe duk wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi, magana ta ƙare. Bai taɓa ganin ɗan damben da ya kashe kansa don kada a taɓa shi ba.

"Wa ya ka da shi?"

"Ba kowa. Dabara ce, Alhaji. In ya zame, doka ta hana a doke shi."

"Dabara. Mu a wurinmu tana da wani suna."

Abin da ya ƙarasa shi ya zo a ƙarshen wasan. Aka miƙo wa Nafi'u ƙwallon, bai ja da baya ba, bai jefa ba, bai gudu ba. A gaban dubban mutane ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa ya durƙusa. Aka sake miƙo masa, ya sake durƙusawa.

"Innalillahi. Haƙuri yake ba su?"

"Kai ma paa, Alhaji! Su suka ci wasan. Wanda ya ci ne yake..."

"Ɗan Kumasi, na san ɗan garinku ne, dole ka gyara masa. Wanda ya ci ya durƙusa? To wanda aka ci ya yi me, ya hau doki?"

Inusah ya rantse, Dikko ya ce ya adana rantsuwarsa. Khalas, an gama magana.

Juma'ar da ta biyo baya Inusah ya zo da wata hanya. Ya ce akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su bi jami'o'i suna duba 'yan wasa kafin zaɓe, su rubuta abin da suka gani, ga ma na Nafi'u a wayarsa. Dikko ya ce dillalai ke nan, karanto. Inusah ya karanta yana juyawa zuwa Hausa, Dikko kuwa tun ba a yi nisa ba fuskarsa ta washe. An auna tsawon yaron ba takalmi. An ɗora shi a sikeli. An sa shi gudu, an sa shi tsalle. An ware yatsunsa an auna taƙin hannunsa daga babban yatsa zuwa ƙarami. An je an tambayi malamansa na sakandare ko yana makara.

"Allahu akbar. Haƙoransa fa, sun duba?"

"Ba su rubuta ba."

"Sun yi sake. Amma wallahi mutanen nan sun iya binciken aure. Ci gaba."

Dillalan sun ce jifansa yana zuwa inda ya nufa, yana da nutsuwa, yana karanta fili da sauri, abokan wasansa suna jin maganarsa. Suka ce amma tafin hannunsa bai cika yadda ake so ba, ƙwallo za ta iya suɓuce masa in ana ruwa. Jifansa mai nisa yana rasa ƙarfi a hanya. Jami'arsa ƙarama ce, bai gwabza da manya ba. Sannan gajere ne, da ƙyar yake hango fili ta saman kawunan masu tsaronsa. Hukuncinsu shi ne zagaye na ƙarshe, ko kuma a bar shi.

Kalmar gajere ce ta tsaya wa Dikko a rai.

"Tsawonsa nawa?"

Inusah ya miƙe ya nuna daidai girarsa. Dikko ya ɗaga kai ya duba wurin, can sama da hularsa.

"Wannan ne gajere? To ni a ce mini me?" Ya yi tsaki. "Masu sandar awo duk ɗaya suke, daga Zariya har Amurka."

Wannan ne karo na farko da ya tsaya a gefen yaron, amma bai daɗe a wurin ba, don Inusah ya yi kuskuren kunna wani faifan. Wasa ne mai muhimmanci, saura kaɗan a tashi, basamuden ya miƙo ƙwallo ta wuce ta saman kan Nafi'u, abokan hamayya suka dira a kanta, wasa ya tafi. Bayan an tashi aka nuna Nafi'u zaune gaban 'yan jarida, ido ja. Turancin kasuwa da Dikko ke ji ya ishe shi ya gane abin da ya ce. Laifina ne, ni ban shirya ba.

"Ka ji da bakinsa," in ji Dikko. "Mai ja da baya, mai faɗuwa tun ba a taɓa shi ba, mai durƙuso, ga sakaci. In ba shi amanar Musbahu?"

Inusah ya suɗe yatsunsa tsaf kafin ya amsa.

"Alhaji, tsohon inji ma ba ka yanke masa hukunci sai ka zagaya baya ka ga wanda ya kwance shi. Ɗan mutum ne za ka yanke masa a talabijin?"

Maganar ta shiga. Dikko ya ce a mayar da faifan baya. Ya sa yatsa a kan basamuden da ke miƙo ƙwallo.

"Wannan. Kullum yana gabansa, kullum shi ke shan dukan da aka nufo yaron da shi. Shi nake so. Kuma kada yaron ya sani."

Muhsinat ce ta haɗa su, cikin fargaba. Sunan basamuden Makos. Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin da gari ya waye a Ohayo. Da hoton ya fito, fuskar Makos ta cika wayar har ba a ganin kunnuwansa, yana cin wani abu a kwanon da Uwa ta ce a gidansu a irinsa ake yi wa jariri wanka. Dikko ya sa babbar riga. Inusah ya zauna a gefe yana tafinta.

"Ce masa yabo ba na so, na ji ya ishe ni. Aibin abokinsa nake nema."

Makos ya ajiye cokali. Da alama an daɗe ba a yi masa tambayar da ta yi masa daɗi haka ba. Ya ce na farko, Nafi'u mugu ne. Duk Alhamis yana dafa musu wake da shinkafa irin na mahaifiyarsa, su biyar masu tsaronsa, ya zuba wani baƙin yaji da ke sa ƙato kuka.

"Shito!" in ji Inusah, ya buga cinya. "Chale, yaron ɗan gida ne!"

"Kai tafinta aka sa ka ko maroƙi? Shi yaushe yake ci?"

Makos ya ce sai sun gama, in ya rage. Ba ya cika ragewa.

Na biyu, in ji Makos, maƙaryaci ne. Ranar da ƙwallo ta wuce ta saman kansa, kowa a ƙungiyar ya san daga hannun wa ta tashi a karkace, har mai share fili ya sani. Amma Nafi'u ya je gaban 'yan jarida ya ce shi ne, dillalai kuma suka rubuta masa a matsayin sakaci. Makos ya ce shi har ya fara jin daɗi, ya ɗauka magana ta wuce. Ashe da suka koma ɗakin canza kaya, bayan kowa ya watse, Nafi'u ya rufe ƙofa ya wanke shi tas, wankin da ko mahaifiyarsa ba ta taɓa yi masa ba. Daga ranar kuma kullum da sassafe, cikin sanyin da ke daskarar da majina, sai ya buga masa ƙofa su fita fili ya yi ta miƙo ƙwallo har hannunsa ya mutu. Haka suka yi har kakar wasa ta ƙare.

"Wai har yanzu bai yafe masa ba," Inusah ya fassara.

Dikko bai yi dariya ba. Ya juya ya dubi Uwa, wadda ke tsaye a ƙofar kicin tana yin kamar ba saurare take ba.

"Ya rufa masa asiri a waje, ya gyara shi a ɗaki," ya ce.

"Na ji," in ji Uwa. "Wasu sun shekara talatin ba su koya ba."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce a tambayi Makos zamewar nan da yaron ke yi. Makos ya ce su suka roƙe shi. A shekararsa ta farko ba ya zamewa, karo yake da kowa, har aka karya masa ƙashin wuya, suka ƙare shekarar ba mai jifa, ba su ƙara cin wasa ba. Ya ce in mai jifa ya karye, mutum hamsin ne suka karye. Durƙuson fa? Makos ya yi dariyar da ta sa wayar rawa. Ya ce wannan ai shi ne abin da ya fi so a duniya. In kun riga kun ci, lokaci ya kusa cika, mai jifa sai ya sa gwiwa a ƙasa agogo ya ƙarasa, ba a ji wa kowa ciwo ba, ba a ƙara wa wanda aka ci kunya ba. Wanda aka ci ba ya samun damar durƙusawa.

Inusah ya fassara wannan a hankali, kalma bayan kalma, yana kallon Dikko.

"Shwaiya shwaiya, bi a hankali, Ɗan Kumasi. Na ji. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, mu muka fara faɗa kafin su."

Saura tambaya ɗaya, ita kuwa ba mai amsa ta sai mai ita. Da aka haɗa shi da Nafi'u, yaron ya gaishe shi da Hausar Zango mai gauraye da Turanci, har ya ce Muhsinat "yana" gaishe shi. Dikko ya daure bai gyara masa ba.

"Dillalanku sun ce mai yiwuwa a bar ka. In an bar ka fa?"

"Zai yi mini zafi, Baba. Ba zan ɓoye ba, tun ina ƙarami nake so. Amma karatun koyarwa na yi. Makarantar da na gama sun ce in zo in koyar, in riƙe musu ƙungiya. Albashin ba yawa."

"Baro ne," in ji Dikko.

"Na'am, Baba?"

"Ba komai. Ka ce wa mahaifinka ya kira ni."

Ana saura mako guda zaɓe Dikko ya kira Katsina ya shaida wa dangi ya ba da Muhsinat, ya ce kowa ya riƙe ranar da ya faɗa, don kada gobe wani ya ce wani abu ya hango. Da ya kira ita kanta ya gaya mata, kuka ya hana ta magana, sai "Baffa" kawai take maimaitawa. Ya ce mata ta daina, kuɗin waya take ƙonawa. Uwa ta ce shi ma da ya ajiye wayar ya daɗe a bakin taga yana kallon kwalekwale.

Kwana uku aka yi ana zaɓen. Dikko ya ce shi ba ruwansa, ya riga ya gama nasa. Amma makanikan Ras Al Khor sun shaida cewa a kwanakin nan ya riƙa zaro waya daga aljihu yana mayarwa, har ya sunsuni inji ɗaya sau biyu. Safiyar Lahadi, wadda a lokacin ranar aiki ce a Dubai, Inusah ya kira shi yana tsakiyar duba wani injin bas.

"Alhaji, an gama. Ba su kira sunansa ba."

"Duk su talatin da biyun?"

"Duka."

"Sau bakwai suna wucewa ta gabansa?"

"Haka ne, Alhaji."

Mai shagon, wani Balarabe, ya ga fuskarsa ya ɗauka injin ne, ya fara cewa habibi ai za a rage. Dikko ya ɗaga masa hannu. Abin da ya faɗa wa Inusah game da dillalan Amurka da iyayen gidansu ba na bugawa a takarda ba ne. Mafi sauƙi a ciki shi ne cewa ko akuya ba zai aike su saye ba, tunda a cikinsu ba wanda ya yi hankalin zagayawa baya ya tambayi Makos.

Wata ƙungiya ta gayyaci Nafi'u gwaji daga baya, ya je, suka sallame shi. Ya kama koyarwa. An ɗaura aure a Katsina bayan babbar salla, Dikko ya ba da, wakilin ango ya zo tun daga Kumasi ya karɓa. Tun daga shekarar, duk watan Afrilu in ka shiga gidan tuwon nan na Al Buteen ranar Juma'a za ka tarar da waya jingine a gorar ruwa, Dikko da Inusah suna duba masu jifan bana. Dikko har yau bai gama gane dokokin wasan ba, kuma hasashensa bai cika fitowa daidai ba, Inusah yana riƙe da lissafin. Amma duk gajeren da aka nuno, nasa ne.

Sai a ƙarshen 2021, bayan annoba ta lafa an buɗe hanyoyi, ango da amarya suka biyo ta Dubai. Dikko ya jira su a falo cikin babbar rigar nan. Nafi'u ya sunkuyo ya shigo, don ƙofar fulat ɗin ba da irin tsawonsa aka auna ta ba, gajeren Amurka ke nan. Ya cire takalmi, ya zo gaban kujera ya sa gwiwa a ƙasa.

Dikko ya kama hannunsa na dama, ya ware yatsun, ya ɗora nasa tafin a kai. Nasa ya ɓace a ciki. Ya jinjina kai, ya yi tsaki na ƙarshe domin masu sandar awo.

"Tashi, tashi," ya ce. "Ni za ka yi wa wayo? Na san a wurinku wanda ya ci shi ke durƙusawa."